Jar mota ta tafi gun mai fenti

Baba,

Na leƙo na tarar barci ya ɗauke ka bayan maganin safe, ban so in tashe ka ba. Ni da Kawu mun wuce da jar motarka gun mai fenti.

Ka yi haƙuri, na kwance ɗaurin da ka yi mata jiya a kan tirela. A bamba, ƙarfen gaban motar, ka ɗaura igiyar, ƙarfen nan kuwa ya girme ni, ina ja ya fara ƙara. Na ɗaure tayoyi huɗun da bel ɗin ɗaure kaya. Kawu ya jijjiga ta iya ƙarfinsa, ko gezau. Mun kuma juya ta ta hau da baya, tunda injinta a baya yake, kada tirelar ta riƙa lilo a hanya.

Don Allah kar ka biyo mu a babur, na san halinka. Makullin babur ɗin ma yana hannun Mama.

Hoton aurenku da ke maƙale a madubin motar na ciro shi, yana ƙarƙashin takardar nan. Shi kam ba ya buƙatar sabon fenti.

Autarka