Sidi, Wane Kan Jirgi Ka Tuƙa a Kano?

Zuwa ga kakana, Alhaji Garba Direba, wanda mu jikoki muke kira Sidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, jikanka Bashir ne, ɗan wajen Rabi, yake rubuto maka daga gidanka na unguwar Mansur a nan Makka. Da Hausa nake rubutun, don ban manta ba cewa ba ka amsa wa duk wanda ya yi maka Larabci a cikin gida.

Na gama jami'a, Sidi. Na zama injiniya, a takarda dai. Aiki bai samu ba tukuna. Duk inda na je sai a ce in jira kira, ni kuma ina ta duba waya har Ummi, mahaifiyata, ta fara yi min faɗa. A cikin wannan zaman jiran ne wata tambaya ta kama ni ta ƙi saki: wane irin kan jirgin ƙasa ka tuƙa a Kano kafin ka zo aikin Hajji ka zauna?

Abin da na ji daga bakinka kaɗan ne, kuma ba na so in haɗa shi da abin da nake zato. Ka ce ba jirgin fasinja ba ne. Ka ce a harabar wata masana'antar man gyaɗa kake aiki, kana jawo taragu daga babban layi zuwa bakin sito, kana mayar da waɗanda aka cika. Ka ce dizal yake sha, ba kwal ba. Kana dariya kana cewa, "Ƙuruciyata duka a kan dogo na yi ta, amma ko Zariya ban taɓa kai shi ba." Iyakar abin da na riƙe ke nan. Babu hoto, babu sunan maƙera.

Da na shiga karatu a kansu, sai na ga ashe irin naka dangi ne guda. Kafin zuwansu, masana'antu ƙananan kawuna masu tururi suke amfani da su, waɗanda sai an daɗe ana hura musu wuta kafin su motsa, ga tartsatsi a kusa da mai da auduga. Na dizal kuwa tayar da shi ake yi, a yi aiki, a kashe. Bayan yaƙin duniya na biyu suka bazu a wuraren haƙar dutse, da tashoshin jiragen ruwa, da kamfanonin siminti da na sukari. Gajeru ne, masu nauyi, ba su da gudu sai ƙarfin ja. Wasu ƙafa huɗu, wasu shida, da sandar ƙarfe a gefe tana haɗa ƙafafun, tana hawa tana sauka. Yawancin waɗanda aka kai Najeriya a zamanin daga Ingila suka fito. Yawanci na ce, ban ce duka ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne akwai mutane, dattawa da gemunsu, da sha'awarsu ita ce ƙera waɗannan kawunan ƙanana, kowanne bai wuce tafin hannu ba, yana tafiya da lantarki a kan siririn dogo. Kowane awo na babban sai a raba shi gida saba'in da shida. A da, manyan jiragen fasinja aka fi yi wa wannan gata. Mai son irin naka sai ya iya yankan tagulla da liƙin dalma, ya haɗa nasa da kansa daga guntaye. Yanzu ana samunsu a haɗe, har da ƙarar inji da aka naɗo daga na gaske. Wasu ma tsatsa da baƙin mai na ƙarya suke shafa musu don su yi kama da waɗanda suka sha aiki. Da kana nan da ka ce mutanen nan ba su da aikin yi, sannan ka matso ka duba.

Na yi odar guda, kore, mai ƙafa shida, don na yi zaton taragun gyaɗa sai mai ƙarfi. Na san akwai gyara a cikinsa tun kafin ya iso: dogon Najeriya bai kai na Ingila faɗi ba, shi kuma wannan da awon Ingila aka yi jikinsa. Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata.

Niyyata ɗaya ce, in nuna wa Sitti, matarka Hajiya Dije, ta ce min shi ne ko ba shi ba ne. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da kai a Kano. Yanzu Harami ma sai a keken guragu muke kai ta, kuma wani lokaci takan kira Ummi da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Ina tsoron ranar da zan yi tambayar in tarar babu mai amsawa.

Da ya iso, sai na ga a ɗakin direban akwai ɗan mutum-mutumi da bai kai ƙwayar wake ba. Na ɗauki tsinin allura na yi masa farar hula, na baƙanta masa fuska, na ce kai ne. Da doki na nuna mata shi. Ai kuwa sai ta kau da kai. "Fitar min da gunki daga ɗaki," in ji ta, "so kake mala'iku su daina shigo min?" Ka san ta, ita ce mai kankare fuskar jaririn da ke jikin gwangwanin madara. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro abin yankan farce, ta ce in kawo ta cire masa kai, sai ya zauna. Na ce, "Haba Sitti, mijinki ne fa!" Ta ce, "To ai kai ka rage min, mijin zamani, ga digiri ba cefane."

Na kasa bari a cire maka kai, Sidi, ko da na roba ne. Ita kuma ta ce ba za ta kalli jirgin ba muddin abin yana ciki. Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga baya na sa hantsaki na ɓanɓaro shi gaba ɗayansa, a hankali kada in fasa gilashin taga, na ba wani abokina ya ajiye a wurinsa.

Bayan la'asar na koma mata. Ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta juya cikinsa sama, har ta shinshina. Na kasa haƙuri na ce shi ne? Ta dube ni ta ce, "Ka ji yaro! Ni ina na sani? An ce maka yawo nake yi a Kano?"

Ashe ba ta taɓa ganinsa ba. A kulle take duk zamanku a can. Gidan da kuka zauna yana bayan katangar masana'antar, kuma abin da ta sani na jirginka shi ne hayaƙin da ke tsallako katanga ya ɓata mata shanya. Na yi tunanin faɗin dogo da yawan ƙafafu, amma wannan bai taɓa zuwa min a rai ba, ni da na tashi ina ganinta tana cinikin kayan miya a titin Mansur da murya sama.

Duk da haka na shimfiɗa ɗan dogon da ya zo da shi a kan darduma, na ɗora shi, na kunna. Ya fara ruri yana tafiya a hankali. Ko minti bai yi ba ta ce, "A'a. Wannan ba nasa ba ne. Wannan ai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki ne." Ta ce naka sai ya yi tari kafin ya kama, in ya ɗauki kaya kuma ya sauke murya ya sake ɗagawa, kamar babbar mota a kan hawa.

Sidi, na kusa yin tsalle. Sauke murya da ɗagawa canjin giya ne. Babban da aka kwaikwayi wanda na kawo daga gare shi, injinsa lantarki yake samarwa, lantarkin ya juya ƙafafu, don haka ƙararsa a miƙe take hawa. Naka kuwa mai giya ne kamar mota, kuma irin waɗannan sun fi yawa a cikin ƙanana. Na yi mata wannan bayanin duka, ta ce ita ba ta san giya ba sai wadda Allah ya haramta.

Wasu daga cikin tsofaffin kawunan nan suna raye har yau. Masu sha'awa suna gyara su, su tayar da su a ƙarshen mako, su ɗauka su sa a intanet. Sai na riƙa tara su. Kullum bayan la'asar in zauna kusa da ita, in kifa wayar don kada ta ga hotunan mutane, in kunna mata ɗaya bayan ɗaya. Ita kuma tana yanke hukunci. "Wannan mura yake yi." "Wannan bai ƙoshi ba." "Wannan rigimamme ne, kakanka ba zai zauna da shi ba." Ummi tana jiyo mu daga kicin tana dariya. Ni kuwa kowane a'a nata yana rage min yawan waɗanda nake zato.

Ranar Alhamis da ta wuce na kunna mata wani ɗan ƙarami mai ƙafa huɗu, wanda ya yi aiki a wurin haƙar dutse. Ban sa rai da shi ba, don na raina girmansa. Ya yi tari, ya kama, ya ja kaya, ya sauke murya ya ɗaga. Na jira barkwancinta, bai zo ba. Carbinta ya tsaya a hannunta. Ta saurara har ya yi nisa, sannan ta ce, "Kashe."

Na kashe. Tana kallon ƙofa ta ce, "In ya yi shiru haka, to ya taso. Sai in sauke ruwan wankansa."

Ba zan ce na tabbatar ba, Sidi. Inji iri ɗaya akan sa shi a jiki daban-daban, kuma har yanzu ban san launin naka ba, ban san wanda ya ƙera shi ba. Amma na ji muryar da kake tashi da ita kowace safiya, a gaban wadda ta fi kowa saninta. Ban sake kunna mata ba, ita ma ba ta ce in sake ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya karɓi guminka na Kano da na Makka a matsayin ibada. Allah ya ƙara wa Sitti lafiya, ya bar mana ita da hankalinta da bakinta. Idan lokacinta ya yi, Allah ya sa ta tarar kana jiranta a gida mafi alheri. Amin.

Jikanka mai kewarka,
Bashir
Mansur, Makka