Babbar Wufa da Gwaggon Amarya

Ƙofar Marusa, Katsina,
Ranar Talata.

Zuwa ga Malam Nasiru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da aiki, da abokan zama, da ruwan saman garin naku da aka ce ba ya ɗaukewa. Ya haƙuri da baƙunta? Mu nan sai godiya, iyali kowa lafiya lau.

Ni ne Alhaji Babaji mai hatsi, mahaifin Safara'u wadda za a ɗaura maka aure da ita ƙarshen watan nan in Allah ya kai mu. Na san ba al'ada ba ce suruki ya ɗauki biro ya rubuta wa surukinsa, akwai kunya. To amma abin da ya faru jiya a gidanku na Gobarau ya fi ƙarfin kunya.

An shaida mani ka sa Sadiq mai kayan sauti ya kai wufa biyu gida, wato akwatin nan da ke ba kiɗa nauyi har mutum ya ji shi a ƙirji, don a gwada a ɗakin amarya a zaɓi ɗaya. Kowace da injinta a ciki, wuta kawai ake jona mata. Ɗaya ƙarama ce, sabuwa a kwalinta, a rufe ruf, ko tururuwa ba ta da ƙofar shiga. Ɗayar kuwa ta hannu ce, ƙatuwa kamar akwatin lefe, da wani rami a gabanta wanda hannun ƙato zai shige har gwiwa. Wai ta nan iska ke fita, shi ya sa ta fi ƙarfi. Kai kuma daga can, a hoton waya kaɗai ka gan ta, ka ce ita kake so, don duk unguwa ta san ka yi aure.

Na sa an kira mani ƙanenka Mudassir na tambaye shi. Yaro ne natsattse, mai gaskiya, ga kyan fuska, ban san dalilin da ya sa ba ku daraja shi a gidan nan ba. Ya ce shi ya gwada su duka biyu. Ƙaramar ta cika ɗakin daidai wa daida, in an sa karatu muryar alaramma na fita tas, in an sa kiɗa kana jin ganga ba tare da haƙoranka sun haɗu ba. Babbar kuwa, da ya murɗa ta, sai ƙasa ta fara zubowa daga azara, kwanukan Innarku suka kama rawa a ɗakinta ta bayan bango. Wannan duk mai sauƙi ne. Da ta ɗan yi ɗumi sai wani wari ya taso, farko kamar jiƙaƙƙen tsumma, can kuma kamar bayan mahauta da azahar. Ya ce ya kira ka ya faɗa maka, ka ce tsiyarsa ce ta kullum, ka kashe waya.

Jiya da hantsi ƙanwata Ma'u, gwaggon amarya, ta je da mata biyu su auna ɗakin, a san inda gado da kabad za su zauna kafin ranar jere. Kai da kanka ka bugo ka ce a kunna musu babbar su gani. Yaron nan mai biyayya ya kunna. Ma'u na durƙushe da igiyar awo a gindin bango, fuskarta daidai bakin ramin.

Malam Nasiru, ga abin da ya biyo baya. Ganga na bugawa akwatin ya huro mata iska mai ɗumi, ya biyo da guntayen katifa da ɓawon gyaɗa da kashin ɓera, kamar an watsa mata baƙar shinkafa. Bugu na biyu kyankyasai suka fito, manya, masu fuka-fuki, wasu a guje wasu a sama. Ɗaya ya shige mayafinta. Matan da suka rako ta suka bar takalmansu, sai daga baya aka aika musu. Da Mudassir ya kwance bayan akwatin, abin da ya tarar ba na faɗa kusa da abinci ba ne: uwar ɓera ce ta mutu a kwance kan injin, inda ya fi ɗumi, ta kumbura ta fashe, tsutsa na kai da kawo. Ashe duk kiɗan da aka sha a ɗakin amarya, ita ake gasawa.

Ma'u ba ta yi ihu ba, ka san ta. Ta cire mayafin ta yar a tsakar gida. Innarku ta kawo mata fura da nono a sabuwar ƙwarya, ta dube ta ta kau da kai, ta fita zaure ta tofar da yawu. Abin da ta ce shi ne, ba za a kafa gadon ɗiyar wanta a ɗakin da akwatin nan ya kwana ba, kuma ba mai zuwa jere sai ya bar gidan, an sake shafe bangon, kai kuma ka kira ta da bakinka. Ka san in Ma'u ba ta zo jere ba, ba macen da za ta ɗauki ko cokali daga gidana. Innarku tun jiya ba ta iya cin abinci ba. Ta ƙone turaren wutar da ta ɓoye wa amarya, yanzu ɗakin warin mushe yake cikin turare, ya fi na da muni.

Sadiq ya ce ba zai ɗauke ta ba sai ya ji daga gare ka, don kai ka ce masa kada ya saurari Mudassir. Har yana cewa in an wanke ta da omo za ta koma sabuwa. In haka ne, sai ya kai ta ɗakinsa mana. Yanzu tana zaure, kuliyoyin unguwa sun kewaye ta kamar masu zaman makoki.

Saboda haka ka zaɓa, ko wufa mai rami ko ɗiyata. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka hankali, ya sa ka riƙa jin maganar ƙanenka.

To, yanzu ka zauna ka sha ruwa.

Yaya Nasiru, ba Alhaji ba ne, ni ne Mudassir. Da sunana ka gani a sama, da tuni ka naɗe ƙosai da takardar. Alhaji bai san komai ba tukuna. Gwaggo Ma'u ta ce wa Inna za ta riƙe bakinta har ranar Juma'a, in an sauko masallaci ba ka kira ba, za ta faɗa masa har da tsutsar. Ban da sunan Alhaji, wallahi duk abin da ke cikin takardar nan gaskiya ne, har da kyan fuskar. Ni na kwashe uwar ɓeran da hannuna. Na wanke da omo, na wanke da toka, na goga lemun tsami, yau da cokali na ci tuwo kamar ɗan GRA.

Faɗuwar gaban da ka ji a layin farko, ka adana ta, kada ka bari ta gaske ta zo. Ka kira Gwaggo, ka kira Sadiq. Ƙaramar na nan a kwalinta, na ɗora ta saman kabad ɗin Inna.

Inna na gaishe ka, amma ba sosai ba.

Ƙanenka da ba ka jin maganarsa,
Mudassir.