Ƙwan Zabo daga Inna

Bordo, Faransa, 1965

Zuwa ga Inna, a Afala.

Bayan gaisuwa, yaya jikin Baba, yaya zabinki? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya ɗan ramar da ni.

Kin tambayi abin da nake karantawa. Falsafa ce. Masanan dā sun raba ta uku kamar ƙwai: ɓawon shi ne daidaita tunani, farin shi ne sanin halittu, ƙwanduwar kuwa halin kirki.

Sai na tuna ƙwan zabon da kike ba ni a ɓoye, don Kaka ta ce yaro mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Ki gaya mata ban taɓa ɗaukar na kowa ba, ko a ranakun da ban ɗora tukunya ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki, Almustafa