Jan Dutsen Bakin Taga

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai kewa. Na koma takarda ne saboda a waya rabin maganata kike ji, sauran rabin kuma ki ƙirƙira da kanki.

Kin tambaye ni me na yi da duwatsun Baban yara, Allah ya jiƙansa. Ban zubar ba, kuma ba zan zubar ba, ki faɗa wa masu aiko min da wannan shawarar. Gwangwanayen madarar suna nan jere a ɗakin baya yadda ya bar su, cike da abin da ya yi shekaru yana tsintowa a busasshen rafin bayan gari. Na yanke shawarar a ɗauki hoton kowane dutse, a rubuta sunansa a ƙasa, don jikoki su san kakansu ba tsakuwar banza yake kwasowa ba.

Mai Hoto ne yake yi min aikin. Kin san shi, aminin Baban yara, dogon nan mai shago kusa da mai gyaran agogo, wanda har yau da furfurata yake kirana Amaryarmu. Ya zo da baƙin ƙyalle da ƙaramar fitila da kofin ruwa. Kowane dutse sai ya ɗauke shi a bushe, gaba da baya, sannan ya jiƙa shi don launin ya fito, ya sake ɗauka. Daga nan ya sa fitila a bayansa. In haske ya ratsa, kika ga zane-zane a ciki kamar an yanka albasa, wannan aƙiƙ ne. In ya tare hasken gaba ɗaya, to jasfa ne. Dukansu biyu kuwa wuƙa ba ta kama su, ko kin danna sai dai ta zame. Wannan tun daga bakin Baban yara na haddace shi, don ya faɗa min har kunnena ya gaji.

Akwai sauran waɗanda bai kai ga gogewa ba, sai na ce ni zan ƙarasa. Na zuba su a gangar robar nan tasa da ruwa da garin guga mai kaushi, yadda na saba ganin yana yi. In ta yi makonni tana juyawa, duwatsun suna gugar juna, sai su fito sumul. Kuma Yaya, na yi wani abu da ya faranta min rai. Kin tuna jan dutsen nan mai farin zane, kamar ƙwan zabo, da yake ajiyewa a bakin tagar ɗakinsa? Ni na tsinto shi, ranar da ya fara jana zuwa rafin muna sababbin aure. Shi kaɗai na taɓa tsinta a rayuwata, na miƙa masa ina taƙama na samo masa jasfa. Ya ce ya fi duk nasa kyau. Amma bai taɓa sa shi a ganga ba. In na yi magana sai ya yi dariya ya ce in ƙyale shi, haka ya fi son sa. Ni na san ajiye shi yake yi sai ƙarshe, rai bai kai ba. To na jefa shi cikin gangar da hannuna bayan an gama ɗaukar hotonsa.

Injin da ke juya gangar a gida ya ƙi tashi, sai Mai Hoto ya ɗauki gangar zuwa shagonsa inda yake da irinsa. Na ɗaure murfin da igiya kafin ya tafi, na kuma gaya masa me ke ciki don ya kula.

Ki gaishe min da kowa. Ki riƙa shan maganinki.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni jikina lafiya, raina ne a ɓace, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Mai Hoto ya dawo da gangar. Na buɗe a tsakar gida, na tace lakar, wadda ta fito ja-ja har ta ɓata min zane, na zuba ta a gindin katanga, don Baban yara ya hana a zuba ta a magudana, wai daskarewa take yi kamar siminti. Na wanke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, sun yi kyau abin sha'awa. Jan dutsena ne kawai babu. Na juye gangar, na laluba ƙasan bokiti, har rariyar na kife na duba. Wayam.

Kafin ki ce tsufa ne ya sa na manta inda na ajiye shi, saurara. Ɗaurin da na yi wa murfin ba shi na tarar ba. Ni ɗaurin zarge nake yi, kin san hannuna, wannan kuwa an ƙulle shi tamau irin na maza. An buɗe gangar nan, Yaya. Kuma a shago ɗaya ta kwana.

Sai ga shi washegari da hotunan a ambulan. Sun yi kyau, ba zan ci hakkinsa ba, ya rubuta sunan kowanne a ƙasa: wannan aƙiƙ, wannan jasfa. Na bi su kaf, babu na jan dutsen. Na tambaye shi, ya ce wai bai fito da kyau ba. Mutumin da ya ɗauki dutsen nan gaba da baya, a bushe da a jiƙe, a ce duk ba wanda ya fito? Da na ce masa dutsen ma kansa ban gan shi ba, sai ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Bai ce kai ba, bai ce subhanallahi ba, bai ko tambaye ni na duba ƙarƙashin gado ba. Wanda bai san komai ba ai mamaki yake fara yi. Shayin da na zuba masa har ya huce bai taɓa ba, shi da yake shanye buta guda yana ba da labari.

Ban ce masa komai ba tukuna. Amma abin yana cina. Mutumin nan shi ya riƙe kan Baban yara a asibiti. In har shi zai iya, to wa ya rage?

Ki yi min addu'a kada in yi abin da zan yi nadama. A gaida maigidan.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan kowa lafiya. Takardarki ta iso. Kin ce in bi a hankali, dutse ne kawai, kuma zato ba shi da kyau. Ke da sauƙin faɗa, ba naki ba ne. Duk abin da ke ɗakin nan Baban yara ne ya tsinto, wannan kaɗai ne namu mu biyu.

Na bi a hankalin ai. Na je shagon kamar wucewa nake yi. Ina shiga ya tura aljihun teburinsa da gwiwa, amma idona ya riga shi, na ga kwalin ashana a naɗe da auduga. Mutumin da ba ya shan taba, me yake lallaɓawa a kwalin ashana? Da na fito, mai gyaran agogo ya ce min kwanan nan wani mai sayen duwatsun zobe yana yawan zuwa wurin Mai Hoto. Ban tambaye shi ba fa, shi ya faɗa. Sai na haɗa wannan da wancan.

Na fara zuwa wurin matarsa, Maman Tagwaye, don ƙawata ce tun yaranmu suna goye. Na ce ta yi masa magana a cikin gida, ya dawo min da abina, ba wanda zai ji. Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce ita ma ta ga ya canja, ba ya cin abinci sosai, amma mijinta bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Na ce to ya fara da babba. Na san maganar ta yi zafi, amma ta riga ta fita.

Na jira, shiru. Ranar Asabar kuwa, kin san masu tsintar duwatsu, abokan Baban yara, a shagon suke taruwa, kowa ya kawo nasa a haska a ɗauka a faɗa masa sunansa. Na shiga a kansu. Na ce a gaban jama'a nake tambaya: an buɗe gangata ko ba a buɗe ba? Ya ce an buɗe. Na ce wa ya buɗe? Ya ce shi. Na ce an ciri wani abu a ciki? Yaya, wallahi sai ya ɗaga kai ya ce e. Na ce to ina yake? Ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ba ni ba. Nan fa bakina ya kuɓuce. Na kira shi da sunan da ake kiran mai ɗaukar kayan marayu, da ƙarfi, har masu wucewa suka tsaya. Bai rama ba. Ina kallo tsofaffin nan suka fara tattara duwatsunsu daga kan teburinsa suna zubawa a aljihu, ɗaya bayan ɗaya suka fice.

Da bakinsa ya amsa, ki lura. Ba sharri na yi masa ba. Amma na dawo gida ban ji sanyin da na zata zan ji ba, kuma har yanzu ban gane abu ɗaya ba: in sayarwa ya yi, me ya hana shi musantawa?

Ki gaida yara.

Auta

*

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan Allah ya ƙara miki lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Maman Tagwaye ta zo shekaranjiya, ba da sanin mijinta ba. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta ajiye min ambulan da kwalin ashanar nan a kan tabarma, ta ce ta gaji da ganin mijinta zaune a shago shi kaɗai kamar mai jiran gawa, in duba da idona.

Hoton jan dutsen ne, na bayansa, a bushe, an faɗaɗa shi ya cika takarda. Ya fito tar, ƙarya ya yi min da ya ce bai yi kyau ba. A cikin ɗan lotsawar da ke ƙasan dutsen akwai karce biyu, ɗaya ya gitta ɗaya, farare, sun shiga ciki. Na san hannun. Haka Baban yara yake gwada kowane dutse da tsinin wuƙarsa. Wanda wuƙa ta zame a kansa ya shiga gwangwani, wanda ta kama ya wurga shi bayan gida. Wuƙa ta kama nawa, Yaya. Ba jasfa ba ne, bai taɓa zama jasfa ba. Dutse ne mai laushi, kalar ce kawai.

Sauran labarin daga bakinta na ji. Sai da ganga ta yi kwanaki tana juyawa Mai Hoto ya zo kan wannan hoton. Yana faɗaɗa shi ya ga karcen, ya tashi a guje ya kashe injin, ya yanke igiyata. Ya makara. Masu taurin sun riga sun cinye shi. Abin da ya tsamo shi ne a kwalin ashanar: ɗan abu kamar ƙwayar wake, ja, da ɗigon fari a gefe. Ya rasa bakin da zai ce min ni na niƙa shi da hannuna, kuma mijina ya yi shekaru yana ɓoye min cewa tsintuwata ba komai ba ce. Sai ya zaɓi ya yi shiru. Mai sayen duwatsun zoben kuwa hoton fasfo yake zuwa karɓa.

Kin ga dalilin dariyar Baban yara ke nan duk lokacin da na ce ya sa shi a ganga. Ba ajiye shi yake yi sai ƙarshe ba, kare shi yake yi. Tun ranar farko ya sani, ya juya karcen ƙasa, ya ɗora shi a bakin taga inda zai riƙa ganin sa kullum. Na yi kuka, Yaya, irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar.

Jiya Asabar na koma shagon. Sai da na bi tsofaffin nan gida-gida na taro su, don inda na yi ɓarnar nan zan gyara, kuma da muryar da na yi ta. Na ɗaga hoton kowa ya gani, na faɗi komai, na roƙe shi gafara. Ya miƙe tsaye, ya ce babu komai, shi ma ya yi kuskure da ya yi min ƙarya. Ya sa aka kawo min kujera, ya raka ni har bakin ƙofa da ladabi, kamar yadda yake raka kowane mai zuwa ɗaukar hoto. Bai kira ni Amaryarmu ba. Ko zai sake, ban sani ba.

Da na dawo na ɗauki cokali na nufi gindin katanga. Lakar tana nan, ta bushe ta yi tauri, ja-ja yadda na zubar da ita da hannuna ina zagin wani a raina. Na kankare iya abin da ya kankaru na zuba a gwangwanin madara, na ɗora ƙwayar waken a kai, na mayar bakin taga. Hoton kuma na sa shi farko a cikin na jikoki, da karcen a sama. Wurin suna na bar shi fili, don wanda ya san sunan bai taɓa faɗa min ba.

Ki gaishe min da maigidan da yara. In gwiwar ta bar ki, ki zo ki kwana biyu, gidan ya yi min girma.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta