Kada Ku Tsige Turken Sabis na Dusuman

Zuwa ga Manajan kamfanin sadarwa mai kula da shiyyar Maiduguri.

Assalamu alaikum. Wushe, sannu da aiki, Yallaɓai. Sunana Falmata, ina da injin ƙyanƙyasar ƙwai a Dusuman, ina kuma sayar da 'yan tsaki a Kasuwar Litinin. Ka yi haƙuri da rubutuna, cikin murna nake rubutawa. Sun fito, Yallaɓai! 'Yan tsakina sun fito, ɗaki ya cika da cuwi-cuwi, har na yi rawa a gaban surukata ban sani ba.

Amma ƙorafi na kawo, bari in nutsu.

Na farko, ka san zafin garin nan. Injina yana da na'urar da ke sanar da wayata idan ya ɗau zafi, ni kuma in kunna masa fanka daga rumfata. Da tsohon sabis ɗinku, sai in danna, in rufe rumfa, in hau keke, in isa Dusuman in kunna da hannuna, sannan saƙon ya iso yana tafiyar ango. A bazarar bara haka ƙwaina suka dahu a cikin injin. Na yi kuka, na je ofishinku, aka ce in kashe waya in kunna.

Na biyu, da kuka kafa sabon turken nan na gwaji, wallahi kafin in ɗage yatsa fanka ta amsa. Maƙwabciyata mai atamfa ta ce na zautu, saboda yini nake ina kunnawa ina kashewa ina dariya ni kaɗai.

To yanzu ma'aikacinku ya ce min gwaji ya ƙare, za ku tsige turken ku kai unguwar manya. Haba Yallaɓai! Su kallon bidiyo za su yi da shi. Ni rayuka nake tsaro da shi, haka ma mai injin ban ruwa da mai ƙanƙara da ke kusa da ni.

Roƙona ku bar mana shi. Da asubar yau na sake cika injin maƙil da ƙwai, kuma ƙwan da ya fara ɗumi ba a ce masa ya jira.

Allah ya ƙara maka girma, ya sanyaya zuciyarka a kanmu.

Wassalam.
Falmata, Dusuman.