Dalar Da Aka Ƙi Karɓa A Gaɓar Masar

Zuwa ga Alhaji, Manajan kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke kusa da Ƙofar Marusa, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Na je ofishinka har ƙafata ta gaji, kullum a ce ka fita, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ni tsohon akawu ne. Na yi wa gwamnati aiki tun zamanin soja, na aje a mulkin farar hula. Da garatutina ya fito, na biya kamfaninku kuɗin Umara ni da maiɗakina, Hajiya Rakiya, haɗe da yawon jirgin ruwa daga Jidda zuwa gaɓar Masar. Hajiya mai ciwon suga ce, kullum sai ta yi allura, kuma na faɗa wa ma'aikacinku haka tun ranar farko.

Na ɗaya. Na tambayi ma'aikacinku kuɗin da za mu riƙe. Ya ce katin bankina na naira zai yi aiki ko'ina, in ƙara da dala don ko-ta-kwana. Shi ya haɗa ni da ɗan canji, ya kuma ce in tabbata an buga wa kowace takarda hatimi. Ka san al'adarmu, ɗan canji kan buga ɗan tambarinsa na tawada a gefen dala, don in ta fito jabu a san wanda za a mayar wa. Ni kuwa, da iyayin tsohon akawu, na tsaya a kansa sai da ya bi kusan dukkansu ya buga.

Na biyu. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kati suke ba mutum, su jingina shi da na bankinsa, ko ya aje masu kuɗi. Katina ya ƙi. Dalar kuma suka tsince 'yan ƙalilan marasa hatimi, suka turo mani sauran. Babu wanda ya gaya mana wannan a Katsina.

Na uku, wanda shi ne ya hana ni barci. Jirgi ya yi tangaɗi, kwalbar allurar Hajiya ta faɗi ta fashe. Likitan jirgi ya ce ba su da irin tata, ya rubuta mani in saya idan mun tsaya. Muka tsaya ranar Juma'a, bankuna a rufe. Mai kantin magani ya ɗauko kwalbar ya aje a gabana, ina ganinta. Ya juya dala ɗarina, ya nuna tambarin da yatsa, ya girgiza kai. Na miƙa wata, ya mayar. Na bi kantuna ina roƙo da Larabcin makarantar allo, aljihuna cike da kuɗi. Sai bayan La'asar wani mutum a lungu ya canza mani a rabin daraja, na sayo allurar. Ko da na komo jirgi, Hajiya ta fita hayyacinta.

Yau ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Matar da ke tashina Asuba, yanzu ni ke yi mata alwala. Cuta daga Allah take, ban ce ku kuka sa mata ba. Amma yinin da ta yi babu allura, shawararku ce ta jawo shi, kuma raina a ɓace yake.

Ba na neman a mayar mani da ko sisi. Ina roƙo ku rubuta wa duk matafiyinku ƙarara cewa dala mai hatimi ko wadda ta tsufa ba ta karɓuwa a waje, ya gwada katinsa a banki kafin ya tashi, ya kuma riƙe kuɗin ƙasar da jirgi zai tsaya. Na ji kuna shirya wani ayarin, yawancinsu tsofaffi irinmu. Sannan ka tako gidana a Ƙofar Durbi da kanka ka duba Hajiya.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare iyalinka daga irin wannan rana. Da na karanta wa Hajiya takardar nan, ta ce in rubuta cewa ta yafe maku. Na rubuta. Ni dai ban kai nan ba tukuna.

Wassalam.

Malam Sada, Ƙofar Durbi, Katsina.