Jikana zai tura na'ura ƙarƙashin ruwan Tiga, inda gidan aurena yake

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Admin a ɓoye sunana. Ni tsohuwa ce, murya na tura masa shi ya rubuta, in kun ga magana ta yi tsawo to haka bakina yake. Don Allah ku taimaka min da shawara, kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa zaure in dawo, har matar ɗana ta fara tambaya ko jinina ne ya hau.

Ina da jika a jami'a yana karatun injiniya, Angona nake ce masa, shi kuma ya ce min tsohuwa mai ran ƙarfe. Shi da malamansa sun ƙera wata na'ura mai nutso a ruwa, wai robot, da na ga hotonta na ce ai wannan kunkuru ne kuka sa wa batir. Ƙasan dam ba a ganin komai saboda laka, to ita ba da ido take gani ba, ƙara take saki ta saurari yadda ta dawo, sai kwamfuta mai basirar nan da suke cewa AI ta zana abin da ke ƙasa. Sun daɗe suna fama da ita, bana dai ta yi. Asalin aikinta auna lakar da ke cike dam ne saboda masu noman rani, amma suna so su gwada ta a kan tsohon ƙauyenmu da ruwa ya ci. Shi ne yake so in shiga kwale-kwale da su, suna ɗaukar bidiyo, duk abin da ta nuno in faɗi gidan wane ne da waɗanda suka zauna a ciki.

Abin da yaron nan bai sani ba shi ne ya hana ni sukuni. A farkon shekarun saba'in aka kai ni aure ƙauyen nan daga wajen Dangora, na yi haihuwar fari mace, aka sa mata sunan uwar mijina. Yaran yanzu ba za ku gane ba, a lokacinmu 'yar fari ba ka kiran sunanta, ba ka ɗaukarta gaban mutane, nono ma sai a ƙuryar ɗaki ka juya baya. Ga shi kuma ta ci sunan uwar miji, kunya biyu ke nan. "Ke" nake ce mata, in ina zancenta in ce "waccan". Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. Takan taho da tafiyarta ta dabo-dabo ina daka ta kama min zani, in ce tafi wajen uwarki, wato kakarta, matan gida su yi dariya suna yaba kunyata. Haka kowa ke yi, haka aka yi min a gidanmu. Amma wallahi ina son yarinyar nan, ta gefen ido nake bin ta duk inda ta yi.

A lokacin masu awon ƙasa na aikin dam sun riga sun zo sun kakkafa turaku, an ce ruwa zai zo har kan ɗakuna. Tsofaffi dariya suka riƙa yi, wai kogin da yara ke tsallakewa da rani. A shekarar da za a tashe mu ƙyanda ta shigo, ta ɗauki yara, har da ita. Aka binne ta a bayan ɗakin kakarta gindin tsamiya, yadda ake yi wa ƙananan yara. Mata suka zo gaisuwa, uwar mijina suka yi wa, don ita ce mai rashi, ni kuwa ina ta kai ruwa da tabarma. Ban yi kuka ba, ba a yi. Ko sadakar arba'in ba a kai ba motocin kwasa suka zo. Ina kan mota riƙe da igiyar akuya na ga tsohuwar ta zaga bayan ɗaki ta daɗe a tsaye, ni ba halin in sauka in bi ta.

Ƙauye ya watse, wasu suka yi Tudun Wada, wasu Doguwa har bakin Falgore, mu muka zauna kusa da ruwan, Malam mijina ya koma kamun kifi. Da ruwa ya cika, kan tsamiyar nan ya rage a waje, masunta har ɗaure kwale-kwale suke a jikinta. Ni ke kai wa Malam abinci bakin ruwa alhali akwai yaran da za a aika, in tsaya ina kallonta daga nesa. Bai taɓa tambayata ba, amma na lura shi bai taɓa jefa taru a wajen ba. Bayan wasu shekaru ta ruɓe ta faɗi, na daina kai abincin.

Daga baya na haifi namiji, uban jikan nan. Kowa shi yake ɗauka ɗan farina ne, ni kuma ina kwaɗa masa kira da sunansa gatsal, mata su ce Iya ba ta da kunyar ɗan fari, in yi dariya in bar su. Malam ya rasu, uwarsa ta daɗe da rasuwa, waɗanda suka sani duk sun tafi. Ba ɓoyewa muka yi ba, zancen ne ba a yi, har ya zama babu mai yi.

To makon da ya wuce Angona ya zo da laftof ya nuna min gwajin da suka fara. Katangu sun narke, ƙasa ce ai, amma ga bakin rijiya nan zagaye, can gefe kuma ga wani ƙaton kututture. Na ce masa wannan da gaske abin da ke ƙasa ne? Bai yi min ƙarya ba, ya ce inda ƙarar ba ta dawo sosai ba kwamfutar kan cike gurbin da abin da ta koya a wasu wurare, shi ya sa suke neman wanda ya san garin ya tabbatar. Kun ji fa, ko kututturen ma ban sani ba ko na tsamiyarmu ne ko kwamfuta ce ta dasa abinta. Tun ranar hoton nan nake gani ko ina salla, Allah ya yafe min.

Maganar ta haɗa shi da ubansa. Uban ya ce ba za a ɗora masa uwa mai hawan jini a kwale-kwale ba saboda firojet, kuma akwai maƙabarta a ƙasan nan, a bar bayin Allah su huta. Yaron ya ce na'urar ko taɓa ƙasa ba ta yi, kuma za a sa min rigar ruwa, ya ce a bar ni in yanke da kaina. Uban ya ce boko ya sa ya raina shi. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su, kowa ya biyo ta bayan ɗan'uwansa ya same ni, na ce wa wannan to, na ce wa wancan ma to.

Asabar mai zuwa za su fita. Ni ba ruwan nake tsoro ba. In na je, na san za mu zo kan kututturen nan ya ce, "Tsohuwa, nan kuma su wa?" In na ce ba kowa, na share ta da bakina, kuma haka za a ajiye a kwamfuta har bayan raina. In na faɗa, ɗana da furfurarsa a bidiyo zai ji cewa yana da yaya. In kuma na ƙi zuwa, ni kaɗai na rage da na san an yi yarinyar nan a duniya, kuma ƙafata ɗaya tana kabari.

Jiya da hantsi ina tsince shinkafa ni kaɗai a tsakar gida na ce bari in gwada kiran sunan, ko sau ɗaya. Na buɗe baki, na ji kamar uwar mijina na zaune a bayana, muryar ta ƙi fita, sai hawaye a cikin faranti. Masu ilimi da iyaye mata na wannan gida ku gaya min, in fara kiran ɗana in zaunar da shi, ko in shiga jirgin kawai duk abin da ya fito ya fito, ko in yi zamana? Kuma in na shiga, yaya uwa take fara kiran 'yarta da suna bayan ta tsufa ba ta taɓa yi ba?